"Sin": Kalmar zunubi a bakin Bature, daga coci zuwa kanti

A shekarar 2007 kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford ya sabunta ƙaramin ƙamus ɗinsa na yara 'yan firamare. Ya zubar da wasu kalmomi, ya shigo da wasu. Cikin waɗanda aka zubar har da "sin", kalmar da Turanci yake kiran zunubi da ita. Ba ita kaɗai ta fita ba, ta tafi tare da sunayen bishop da waliyyi da mumbarin coci, aka cike gurbinsu da kalmomin kwamfuta da intanet. Sai a ƙarshen 2008 jaridun Birtaniya suka farga, aka yi 'yar hayaniya, masu kishin addini suka ce ana raba yara da tushensu. Masu ƙamus suka kare kansu da cewa littafin ƙarami ne, ba zai ɗauki komai ba, kuma zuwa coci ya ragu a ƙasar.

Wanda ya ji wannan labari zai zaci kalmar ta kusa mutuwa. Ina! Tana nan a filin wasa, tana cikin muhawarar kasafin kuɗi, tana kan allon tallan cakulan, tana bakin mai sharhin ƙwallo duk Asabar. Abin da ya faru shi ne ta rabu gida biyu. A coci tana nan da nauyinta, a titi kuwa ta yi sauƙi har ta zama abin raha. Bahaushen da ya koyi Turanci a makaranta, aka ce masa "sin" ita ce zunubi, ya riƙe haka, zai riƙa tuntuɓe ta fuska biyu: wani lokaci ya ɗauki wasa da zafi, wani lokaci kuma ya ji maganar tauhidi mai zurfi ya zaci irin zunubin da ya sani ake nufi.

Kalmar tsohuwa ce a harshen. Turancin dā, na fiye da shekara dubu da suka wuce, yana da "synn", ma'anarta laifi ko saɓa ƙa'ida, kuma 'yar'uwarta tana nan a Jamusanci da harshen Holan. Da Kiristanci ya fara kafuwa a tsakanin Ingilishi, bayan zuwan 'yan mishan daga Rum a shekarar 597, malaman coci ba su aro kalmar Latin ba, sai suka ɗauki ta gida suka ɗora mata sabon kaya. Mu namu ya ɗan bambanta: "zunubi" daga Larabci ta zo tare da Musulunci, jam'i ce ma a can, muka mai da ita tilo, sannan muna da "saɓo" tamu ta gado. Akwai labarin da masu wa'azi a ƙasashen Turai da Amurka suke son bayarwa, wai asalin kalmar daga maharba ne, kibiya ce ta kuskure abin hari. Labarin yana da daɗi amma ba na wannan kalma ba ne. Kalmomin Ibrananci da Girkanci da aka fassara da ita su ne suke ɗauke da ma'anar kuskure hari. Haka kuma ba ta da dangantaka da gunkin wata na mutanen Iraƙi na dā mai irin wannan suna, balle ƙasar Sin da take fara faɗo wa Bahaushe a rai. Sauti ne kawai ya zo ɗaya.

Kaya mafi nauyi da coci ta ɗora wa kalmar shi ne aƙidar zunubin gado, wadda suke kira "original sin". Wanda ya tsara ta yadda Turai ta karɓa ɗan Afirka ne: Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430. Ya dogara da maganar Manzo Bulus a wasiƙarsa ga Romawa da ke cikin Littafi Mai Tsarki, cewa zunubi ya shigo duniya ta wurin mutum ɗaya, mutuwa kuma ta biyo shi. A fahimtar Agustin, saɓon da Adamu ya yi bai tsaya a kansa ba, ya gurɓata zuriyarsa duka, har jariri sabon haihuwa yana ɗauke da tabon, kuma ba mai iya fita da ƙoƙarin kansa sai da alherin Allah. Abin mamaki, babban wanda ya ja da shi ɗan tsibirin Birtaniya ne, wani malami mai suna Pelagiyus, wanda ya ce ana haifar mutum fes, kuma yana da ikon zaɓar daidai. Taron bishop-bishop da aka yi a Kartej a 418 ya yi watsi da ra'ayin Pelagiyus, na Agustin ya zauna.

Musulmi ba ya buƙatar a gaya masa inda ya rabu da wannan. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, kuma a Suratul Baƙara an faɗa cewa Annabi Adamu ya tuba an karɓi tubarsa. Hadisi ya ce kowane jariri a kan fiɗira ake haifarsa. Wannan saɓani ya bar alama a cikin harsunan kansu. A Turanci "sin" tana iya zama aikin da mutum ya yi, tana kuma iya zama halin da mutum yake ciki tun haihuwa, shi ya sa za ka ji an ce an haifi ɗan Adam a cikinta. A bakin Musulmin Bahaushe kuwa zunubi abu ne da ake ɗauka, ake kwasa, ake rubuta wa mutum, ake kankare masa. Kuma ba ya tafiya shi kaɗai, kullum da kishiyarsa, wato lada. Tsohuwa za ta ce wa jikanta, "Kai wa maƙwabta abincin nan ka samu lada," ta kuma ce, "Bar dukan kuliyar nan kada ka kwashi zunubi." Turancin yau da kullum ba shi da wata kalma da take zaune daram a wurin lada. Ina ganin wannan ba ya rasa nasaba da juyin da Martin Luther ya tayar a 1517, wanda ya koyar da cewa ba a tara ayyuka a sayi tsira da su, da bangaskiya ake samunta. Ingila ta bi sahun masu wannan ra'ayi a ƙarni na 16, sai lissafin ya rage da gefe ɗaya.

Kaya na biyu shi ne jerin nan na manyan zunubai bakwai, wanda ko Baturen da bai taɓa taka coci ba ya san da shi. Da yawa suna zaton a Littafi Mai Tsarki yake, alhali ba ya ciki. Wani mai zuhudu da ya zauna a hamadar Masar, Ebagiriyus, wanda ya rasu a 399, shi ya fara lissafa miyagun tunani takwas da suke addabar mai ibada. Fafaroma Giregori na Ɗaya, wanda ya riƙe kujerar daga 590 zuwa 604, ya mai da su bakwai, daga baya aka ɗan sassauya har suka zauna yadda aka san su yanzu: girman kai, haɗama, sha'awa, hassada, zarin ci, fushi da kasala.

A ajiye wannan jeri kusa da hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito, na abubuwa bakwai masu halakarwa: shirka, sihiri, kisan rai ba da haƙƙi ba, cin riba, cin dukiyar maraya, gudu daga fagen fama, da yi wa mata masu kamun kai ƙazafi. Adadi ɗaya, amma ba abu ɗaya ake lissafawa ba. Na hadisi ayyuka ne, ko ka yi ko ba ka yi ba, kuma galibinsu akwai wanda aka cuta. Na coci halayen zuciya ne, tushen da ayyuka suke tsirowa daga gare shi, irin abin da malaman tasawwufi suke kira cututtukan zuciya. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya, domin halayen nan bakwai babu wanda ba shi da rabonsa a ciki. Wa bai taɓa cin abinci ya wuce ƙima ba? Wa bai taɓa jin ƙyuyar tashi da safe ba? Abin da kowa yake da shi, yana da sauƙin zama abin dariya. A farkon shekarun 2000 masu askirim ɗin Magnum sun fitar da kala bakwai, kowanne da sunan ɗaya daga cikin zunuban nan, aka yi ta saye. Ba wanda zai sa wa askirim suna "cin dukiyar maraya" ya samu ciniki.

Kafin a kai ga askirim, kalmar ta yi zamanin da take da haƙora. Cocin Katolika ta raba zunubi gida biyu, mai kisa da mai sauƙi. Mai kisa shi ne wanda abin ya yi girma, mutum ya san girmansa, kuma ya aikata da gangan. Wanda ya mutu a kansa bai tuba ba, wuta. Babban taron coci na 1215 a Rum ya wajabta wa kowane baligi ya je gaban limamin coci ya furta zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara. Bayan Ingila ta ɓalle daga Rum a 1534 wannan wajibci ya faɗi daga baya, amma kotunan coci suka ci gaba da aiki, kuma yawan shari'ar fasiƙanci da suke yi ya sa jama'a suka yi musu laƙabi da kotunan batsa. Hukuncin da aka fi sani shi ne tuba a bainar jama'a. Ranar Lahadi, coci cike, za a shigo da wanda aka kama, mace ko namiji, ba takalmi, an lulluɓe shi da farin mayafi, da farar sanda a hannu. Zai tsaya inda kowa yake ganinsa har a gama huɗuba, sannan ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya nemi gafarar Allah da ta maƙwabta. A ƙauyen da kowa ya san kowa, wannan ya fi tara ciwo. A 1650, lokacin da masu tsananin addini suka riƙe mulki bayan an sare kan sarki, majalisa ta yi dokar kisa ga mazinata. Ba a cika aiki da ita ba, domin masu taya alƙali yanke hukunci sun riƙa ƙin tabbatar da laifin, kuma ta faɗi da aka dawo da sarauta a 1660.

Daga nan aka shiga doguwar tafiyar raba zunubi da laifin da hukuma take hukuntawa. A 1857 aka ɗauke shari'ar saki daga kotunan coci aka mai da ita kotun gwamnati. Amma inda aka faɗi abin ƙarara shi ne rahoton kwamitin Wolfenden na 1957, wanda aka kafa don duba dokokin karuwanci da luwaɗi. Rahoton ya ce matuƙar al'umma ba ta ƙudura mai da kowane zunubi laifin doka ba, to dole a bar wani fage na rayuwar mutum ta sirri wanda ba ruwan doka da shi. Wani babban alƙali, Lord Devlin, ya tashi a 1959 ya ce a'a, tarbiyya ita ce take riƙe al'umma, kuma doka tana da haƙƙin kare ta. Masanin falsafar shari'a H. L. A. Hart ya mayar masa da martani, aka yi shekaru ana gwabzawa a rubuce. A majalisa dai ɓangaren Wolfenden ne ya yi nasara. A 1961 aka buɗe shagunan caca bisa doka, a shekarar kuma aka daina ɗaukar yunƙurin kashe kai laifi. A 1967 aka sassauta dokokin luwaɗi da zubar da ciki. Laifin saɓo ga addini ya jima, sai 2008 aka soke shi a Ingila da Wales.

A daidai shekarun nan, a Kaduna, akasin haka ake rubutawa. Kundin dokokin Penal Code na Jihar Arewa, wanda aka gina a kan samfurin na Sudan ya kuma fara aiki a 1960, ya sa zina cikin laifuffuka a sashe na 387 da 388 ga wanda al'adarsa ta ɗauke ta laifi, ya kuma hana Musulmi shan giya a sashe na 403. Kundin Kudu bai yi haka ba. Ke nan tun kafin Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, tazarar da ke tsakanin zunubi da laifin kotu a Arewa ba ta kai ta Ingila faɗi ba. Wanda ya taso a Kano ko Gusau, idan ya ji Bature ya ce abu zunubi ne amma ba laifi ba ne, yana iya jin maganar bambaraƙwai. Shi kuwa Baturen a wurinsa wannan ita ce ƙa'idar farko.

To, yaya kalmar take a baki yau? A ce kana aiki a wani ofis a Manchester. Ƙarfe uku na rana wata ta shigo da kek na murnar zagayowar ranar haihuwarta, ta ajiye kusa da butar shayi. Wata abokiyar aiki ta leƙo, ta dafa ciki, ta ce bai kamata ba, wannan ai zunubi ne, tana faɗa tana yankan babban yanki. Kowa ya yi dariya. Ba Allah a cikin maganar ko kaɗan. Wanda aka saɓa wa shi ne ma'aunin nauyi da ke banɗakinta. Wata babbar ƙungiyar rage ƙiba ta Birtaniya, Slimming World, ta gina tsarinta a kan wannan: abincin maiƙo da zaƙi an riƙa auna shi da maki da aka kira "Syns", an sauya harafi ɗaya kawai, kuma an riƙa ba mutum tsakanin biyar zuwa goma sha biyar a rana. Wato an yanka maka kason zunubinka na yini, ka ci abinka, kada dai ka zarce.

Da yamma a wurin walima ka tambayi wani dattijo aikinsa, ya yi murmushi ya ce shi ne shugaban makarantar unguwa, "for my sins". Kada ka zaci wani abin kunya yake shirin tona maka. Salon ƙanƙan da kai ne irin na Ingilishi, wai muƙamin horo ne aka yi masa saboda laifuffukansa, alhali a ransa yana alfahari da shi. Kamar dai mutuminmu da aka naɗa sarauta ya ce, "To, an dai ɗora mana." Haka idan suka ce abu ya kai zunubi muni, ƙarfafa magana ce kawai. Idan suka ce doguwar riga tana rufe tarin zunubai, tumbi ake nufi, ko da yake asalin maganar daga wasiƙar Bitrus ta fari a Littafi Mai Tsarki take, inda aka ce ƙauna tana rufe zunubai masu yawa.

A wasan zari-ruga, wanda alƙalin wasa ya ɗaga wa katin gargaɗi yakan fita na minti goma ya zauna a benci, kuma sunan wurin zaman "sin bin", kwandon zunubi. Daga kakar 2019 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta shigo da irin wannan a ƙananan gasanni, ga ɗan wasan da ya yi wa alƙali tsiwa. Mai sharhi kuma, idan ɗan baya ya ba da ƙwallo ta gaban ragarsa aka ƙwace aka ci, zai ce ya tafka "cardinal sin", babban zunubi, ma'ana kuskuren da ko ɗan koyo bai kamata ya yi ba. Wannan furuci ya taɓa samun mai shi a zahiri. Babban limamin Katolika na Manila a Filifin daga 1974 zuwa 2003, wanda ya taka rawa wajen kifar da Ferdinand Marcos a 1986, sunansa Jaime Sin, kuma muƙaminsa Kadinal. Shi da kansa yakan tari baƙi da cewa barka da zuwa gidan zunubi.

Sai harajin da ake ɗora wa taba da giya da caca, yanzu har da lemon kwalba, wanda 'yan jarida suke kira "sin tax". Birtaniya ta fara karɓar na lemon zaƙi a Afrilun 2018, Najeriya ma ta sa naira goma a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021. Ba mai cewa shan lemo saɓon Allah ne. Ana nufin abin da mutum yake jin daɗinsa yana cutar da lafiyarsa. Las Vegas kuwa, a jihar Nevada da ta halatta caca a 1931, laƙabin Birnin Zunubi bai taɓa rage mata baƙi ba, ƙara mata ya yi. Zaman dadiro ma, da ake kira zama cikin zunubi, yau ba mai faɗin haka sai da zolaya. Dalili a fili yake: a 2021, karo na farko a tarihi, fiye da rabin jariran da aka haifa a Ingila da Wales iyayensu ba su da aure.

A dubi misalan nan da kyau, za a ga kusan duk abu ɗaya suke zagayawa, wato daɗin jiki: ci, sha, caca, kwanciya. A ganina nan ne sirrin yake. Tun zamanin farin mayafi, kunnen talakan Ingila ya saba jin kalmar a kan abin da ya shafi sha'awa, ba a kan zaluncin mai gona ko mai masana'anta ba. Kalmar ta ƙuntata, ta zama sunan abin da ake so amma aka hana. Da aka ɗage hanin, sai sunan ya rage yana nufin abin da ake so kawai. Mai talla ya gane haka kafin malamin coci.

Lissafin jama'a ya nuna ƙasar da wannan ya tsiro a kai. A ƙidayar 2011, kashi 59.3 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne. A ta 2021 sun sauko zuwa 46.2, waɗanda suka ce ba su da addini kuma suka kai 37.2. Amma kuskure ne a ce mutanen nan sun daina ganin wani abu a matsayin mugun aiki. Wanda ya ga yadda suke yi wa ɗan siyasar da aka kama da wariyar launin fata ko cin zarafin yara, ya san har yanzu suna da farin mayafinsu, a jarida da intanet yake yanzu. Nauyin ne ya ƙaura zuwa wasu kalmomi, na cutarwa da cin zarafi da tauye haƙƙi, wani kason kuma ya koma hannun likita. Wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Karl Menninger, ya rubuta littafi a 1973 yana tambayar ina zunubi ya shiga, kuma amsarsa ita ce an fara mai da shi laifin kotu, daga baya aka mai da shi alamar ciwo. Mashayin da kakansa zai kira mai zunubi, yau maras lafiya ne da ke buƙatar magani. Akwai rahama a cikin wannan sauyi, ban musa ba. Akwai kuma abin da ya salwanta, domin maras lafiya ba ya tuba, warkewa yake jira.

Ita kanta Cocin Ingila abin ya taɓa ta. A farkon 2014 ta gwada wani sabon lafazin baftisma, wato bikin shigar da jariri cikin Kiristanci, wanda ya cire tambayar da ake yi wa iyaye ko sun tuba daga zunubansu, bisa hujjar cewa baƙin da suke zuwa bikin ba sa fahimtar kalmar. Aka yi ca, har tsohon bishop na Rochester, Michael Nazir-Ali, ya soki abin a fili. Lafazin da aka amince da shi a 2015 ya dawo da kalmar. A Najeriya, inda cocin Angilika take da mabiya masu zuwa ibada fiye da na Ingila nesa ba kusa ba, irin wannan muhawara ba ta ma taso ba. Fasto a Jos ko Kafanchan idan ya ce "sin" a huɗubar Turanci, abin da yake nufi shi ne abin da yake nufi idan ya juya Hausa ya ce zunubi, kalmar da Littafi Mai Tsarki na Hausa yake amfani da ita tun fassarar 1932. Turancin Najeriya, na Kirista da na Musulmi, bai sauke wa kalmar kayanta ba.

Akwai wuri ɗaya da ko a Turai da Amurka kalmar take komawa da cikakken nauyinta a wajen coci, shi ne idan ana maganar laifin al'umma sukutum. A jawabin da ya yi a Philadelphia a watan Maris na 2008, Barack Obama ya ce tsarin mulkin Amurka ya fito da tabon zunubin gadon ƙasar, wato bauta. Ba wanda ya yi dariya. Aron ya zauna daidai, domin abin da Agustin yake nufi ke nan: laifin da aka yi kafin a haife ka, ba ka sa hannu ba, amma ka tashi a cikin sakamakonsa.

A nan Hausa take da abin da Turanci ya rasa. Mu muna raba zunubi da alhaki. Wanda ya sha azumi da gangan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ya tuba ya rama. Wanda ya cinye gadon marayu ko ya hana lebura kuɗin guminsa, alhaki ya ɗauka, kuma malamai sun ce istigfari kaɗai ba ya wanke shi sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa ko ya yafe. Shi ya sa ake cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Turanci kalma ɗaya yake amfani da ita ga duka biyun, ita ce ta kek ɗin ofis, ita ce ta cinikin bayi, sai dai mai sauraro ya gane daga yanayin magana. Kuma idan aka zo kan nau'i na biyu, tambayar biya ba ta kaucuwa. Hukumar da take kula da dukiyar Cocin Ingila ta binciki tsofaffin littattafan kuɗinta, ta gano cewa wani asusu da aka kafa a 1704 don tallafa wa limamai matalauta ya zuba jari mai yawa a kamfanin South Sea, wanda ya yi safarar bayi daga Afirka zuwa nahiyar Amurka. A Janairun 2023 ta fitar da rahoto, ta kira wannan ciniki zunubi abin kunya, ta nemi gafara, ta ware fam miliyan 100 don al'ummomin da abin ya shafa. Wasu 'yan cocin suka ce kuɗin na gyaran majami'u da albashin limamai ne, ba a tambayi masu ba da gudummawa a coci ba, wasu masana tarihi kuma suka ja da yadda aka karanta lissafin. Kwamitin da aka naɗa ya sa ido a kan asusun, wanda galibin mambobinsa baƙar fata ne, ya ba da nasa rahoton a Maris na 2024, ya ce miliyan 100 ta yi kaɗan, a nemi abokan tarayya a kai shi fam biliyan ɗaya.